Yadda zaka gane ƙaramar mashinga a hannun soja, da abin da zaka yi in ka ji kukanta

Jama'a, mu da muke zaune a arewacin Kamaru da Chadi, daga Mora zuwa Kolofata, Amchide, Fotokol, Kusiri har a tsallaka Logone a shiga Injamena a wuce Baga Sola, babu wanda idonsa bai saba da bindiga ba tun wajen 2014 da rikicin Boko Haram ya malalo mana, amma har yau in ka tambayi mutum me ya gani a hannun soja sai yace kalash, in kuma babba ce a bayan mota yace duz-set, shikenan iyakar saninmu. Alhali akwai wata a tsakaninsu, ƙaramar mashinga, wadda masu Faransanci ke cewa ef-em ko mitrayez, kuma a faɗan ƙasa ita ce ke riƙe da sojoji goma. Ina ganin ya kamata ɗan komite mai gadin gari da direban da ke bin hanyar Waza da yaron da ke son shiga soja duk su iya gane ta, domin wanda ya san irin bindigar da ke kuka ya fi sanin inda zai kwanta, kuma in ya kira hukuma ya fi ba da labarin da za'a iya aiki dashi.

Sai ka fara sanin dalilin ƙera ta kafin siffarta ta zauna maka. Mashinga ta farko da ta yi aiki sosai ita ce ta Hiram Maxim, 1884, kuma kakanninmu sun santa da jikinsu. A watan Janairun 1902 kusa da Marwa, Hans Dominik na Jamus da ƴan sojojinsa suka tarwatsa dawakan Lamido Zubairu na Adamawa da na Lamidon Marwa da irin wannan bindiga, mahaya na zuwa gungu gungu da masu, ita kuma tana zuba wuta ba tsayawa. A dutsen Mora ma, inda Kyaftin von Raben ya tsaya tun 1914 bai miƙa wuya ba sai Fabrairun 1916, mashinga na cikin abin da ya hana Ingilishi da Faransawa hawa. Toh amma matsalarta nauyi. Ruwa ne ke sanyaya ta, wajen lita 4 a cikin wani tulu da ya lulluɓe bututun, ga mazauninta na ƙarfe, sai mutum huɗu ko fiye sun haɗu kafin su matsar da ita. Tana da kyau wajen tsare wuri, amma in sojoji suka tashi suka kai farmaki a baya ake barinta. Shine aka shiga neman wadda mutum ɗaya zai ɗauka ya yi gudu da ita, ya faɗi ƙasa ya kafa ta nan take. Denmak ta fito da Madsen a 1902, yaƙin duniya na farko ya kawo Lewis mai faifai a kai da Chauchat ta Faransa, wadda gidan harsashinta a buɗe yake ta gefe, laka na shiga tana tsayawa, sojoji suka tsane ta. Daga baya aka samu Bren ta Ingila da FM 24/29 ta Faransa, su biyun shajarsu, wato gidan harsashinsu, a sama take tsaye, kuma in ka ga tsofaffin hotunan tiraye, wato ƴan Afirka da ke cikin sojan Faransa, na zamanin da kwamandansu Leclerc ya tashi daga Chadi ya ci Kufra ta Libiya a 1941, wannan ta Faransan ita ce ƙaramar mashingar sojan Faransa a lokacin.

Yanzu ga yadda zaka duba. Abu na farko ƙafafu. Ƙaramar mashinga na da ƙafafu biyu na ƙarfe a gaba kusa da baki, in ana tafiya a naɗe suke a ƙarƙashin bututu kamar sanduna biyu, in za'a yi aiki a ware su. Kalash ta yau da kullum ba ta da su. Sai ka dubi bututun, zaka ga ya fi tsawo ya fi kauri. Sannan ka nemi mariƙi a sama, wani hannu da yake a karkace a jikin bututun, mutane na zaton na ɗauka ne kawai, eh ana ɗauka dashi, amma babban aikinsa shine a cire bututun in ya yi zafi ba tare da hannu ya ƙone ba.

A nan zan ɗan tsaya, domin duk ƙirar wannan bindiga kokawa ce da zafi. PKM, ɗaya daga cikin mashingogin da zan kawo a gaba, na iya fitar da harsashi wajen 650 a minti ɗaya, wato kusan 11 a daƙiƙa, jigida, wato sarƙar da ake jera harsashi a ciki, mai 100 ba ta kai daƙiƙa 10 in an danne kunama ba sassautawa. Kowane harsashi wuta ce ta bi ta cikin ƙarfe, in aka yi ta yi ba hutu bututun sai ya yi ja, zanen da ke cikinsa wanda ke juya harsashi ya cinye, saiti ya lalace. Tunda an daina sa ruwa, iska kaɗai ke sanyaya shi, shi ya sa aka yi shi da kauri, aka kuma yi dabarar canja shi cikin ƴan daƙiƙu, mataimaki na ɗauke da na biyu a jaka. Akwai wata dabara kuma da ba'a gani daga waje: a mafi yawansu harsashi ba ya zama a cikin ɗakin wuta yana jira, ƙarfen da ke tura shi a baya yake tsayawa, ɗakin a buɗe iska na wucewa, saboda in aka bar harsashi a ɗaki mai tsananin zafi yana iya tashi da kansa ba wanda ya taɓa kunama. Ita kuma sarrafa kanta da take yi ba wani sihiri bane, hayaƙin da ya kori harsashin ne ake ɗiban kaɗan daga ciki ta wata ƴar kafa, ya bugi fiston da ke ƙarƙashin bututu, fiston ya koma baya ya fitar da kwanso, ya ja jigidar taki ɗaya kamar yadda keken ɗinki ke jan yadi, sifirin ya dawo dashi gaba da sabon harsashi. Shi ya sa zaka ga kamar bututu biyu ne, na wuta da na hayaƙi.

Toh sai iri iri, waɗanda aka fi gani a ƙasashen tafkin Chadi.

RPK ita ce ta fi ruɗa mutane domin yayar kalash ce, Kalashnikov ɗin ne ya ƙera ta, sojan Sobiyet suka karɓe ta a 1961. Harsashinsu ɗaya, mai kaurin milimita 7.62 da kwanso mai tsawon milimita 39, har shajar kalash tana ɗauka. Bambancin, bututunta milimita 590 ne na kalash 415, tana da ƙafafu, gindinta na da wani ƙusumbi a ƙasa inda ake riƙewa da hannun hagu, shajarta doguwa mai 40 ko ganga mai 75. Ba ta da jigida, ba'a canja mata bututu a fili, nauyinta wajen kilo 5. A ganina ita ce mafi rauni a cikinsu wajen daɗewa ana wuta, amma saukin ɗauka da haɗa harsashi da sauran ƴan rukuni ya sa ba'a yar da ita ba. Wadda RPK ta gada, RPD ta Degtyaryov ta 1944, har yanzu tana yawo, ita jigida gareta mai 100 a naɗe cikin gwangwani zagayayye a ƙasa, wanda bai sani ba sai ya ɗauka ganga ce irin ta RPK, amma in ka lura zaka ga jigidar ta leƙo ta hagu.

PKM kuwa ita ce sarauniyar wannan yanki, a hannun soja da hannun ƴan ta'adda duka. An fara PK a 1961, aka rage mata nauyi a 1969 ta koma kilo 7.5. Alamarta a fili take: gindin na da rami babba a tsakiya da zaka iya zura hannu, akwatin harsashi mai kusurwa huɗu a maƙale a ƙasa, kuma jigidarta ta hannun dama take shiga, kwanso na fita ta hagu, saɓanin kusan duk sauran. Harsashinta 7.62 ne amma kwanson milimita 54, mai leɓe a gindi, tsohon harsashi ne na Rasha tun 1891, kuma ya fi na kalash ƙarfi nesa ba kusa ba. Masana ba sa lissafa ta a ƙananan zalla, suna cewa mai aiki biyu ce, a kan ƙafafunta biyu ƙarama ce, in aka ɗora ta a kan mazauni mai ƙafa uku ko a kan mota ta zama matsakaiciya. Ba Rasha kaɗai ke yinta ba, China na yi, Bulgeriya da Romaniya da Sabiya na yi, Sudan ma na ƙera tata da take kira Mokhtar, ga kuma waɗanda suka fantsamo daga rumbunan Libiya bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, da waɗanda ake ƙwacewa in an afka wa sansanin soja. Don haka ganin PKM kaɗai baya gaya maka ko waye ke riƙe da ita.

A ɓangaren na Turawan yamma akwai MAG ta kamfanin FN na Beljiyam, 1958, mai nauyi sosai, kusan kilo 12, harsashinta 7.62 na NATO mai kwanso 51, jigida ta hagu. Akwai AA-52 ta Faransa, siririya mai gindin ƙarfe da ake turawa ciki, wadda ƙasashen da Faransa ta raina suka gada da yawa. Sai Minimi, ita ma ta FN, wadda Ernest Vervier ya tsara a 1974, Amurka ta ɗauke ta tana kiranta M249, ita ƙaramin harsashi take ci, 5.56, nauyinta wajen kilo 7, jigida mai 200 a cikin akwatin roba ko jakar yadi a ƙasa, wanda ya ga sojojin Faransa lokacin da suke Injamena ya ganta. A Kamaru kuma tunda BIR, rundunar soja ta musamman, kayan Isra'ila suka fi amfani dasu, irin bindigogin Galil da Tavor, mashingarsu da zaka gani ita ce Negev, baƙa, gajeruwa, jakar harsashi a rataye a ƙasanta.

Duz-set fa ba ta cikin wannan layi, kar a haɗa. DShK ce ko M2 ta Amurka, harsashi 12.7, ita DShK jikinta kaɗai kilo 34 ne, ba mai gudu da ita, a kan mota take zama. 

In baka ga bindigar ba, dubi mutanen. Mai mashinga baya tafiya shi kaɗai, akwai wani manne dashi ɗauke da akwatuna ko jigida a kafaɗa, domin akwatin PKM mai 100 kaɗai ya haura kilo 3, kuma ɗari ɗaya ba komai bane a wajenta. A tsarin soja, rukuni na mutum 8 zuwa 10 ana raba shi biyu, ɓangare ɗaya na tare da mashinga, ɗayan masu ƙananan bindigogi. Aikinta ba wai ta harbi mutum ɗaya ɗaya bane, aikinta ta hana abokan gaba ɗaga kai, su lafe a inda suke, a lokacin ne ɗaya ɓangaren zai tashi ya matsa, in sun samu wuri su ma su rufe mata ta matso. A wajen tsaro kuma, shinge ko ƙofar sansani, zaka ganta a bayan buhunan yashi ta fuskanci hanya ko filin da ake tsoron a ɓullo ta nan. Abin da wannan ke nufi gare ka a matsayin farar hula shine, mai mashinga fili yake sharewa da wuta, ba lallai ya ganka ba balle ya tantance ka, kuma shi ne wanda ɗaya ɓangaren suka fi nema da harsashi da roka, don haka kusa dashi shine wuri mafi haɗari a wajen. Wasu in faɗa ya tashi sai su ruga wajen motar soja mai babbar bindiga suna ganin nan ne mafaka, dan Allah a daina.

Da kunne kuma ga yadda ake rarrabewa. Shajar kalash mai 30 in an danne daƙiƙa 3 ta ƙare, sai a ji shiru na canja shaja, kuma yawanci ɗaiɗai ko bibbiyu ake harba ta. Mashinga tana zuwa a jere, biyar, bakwai, goma, ta ɗan numfasa ta sake, ta sake, ba wannan dogon shirun. PKM da MAG muryarsu mai kauri ce, Minimi da Negev sun fi sauri sun fi siririn sauti, duz-set kuwa a hankali take, dum dum dum, har a ƙirji kake jinta. Sojan da ya samu horo baya sakin jigida gaba ɗaya saboda zafin nan da na faɗa da kuma tattalin harsashi, in ka ji ana ta zubawa ba tsari toh ko dai abin ya yi tsanani ƙwarai ko kuma mai riƙe da ita ba gwani bane, duka biyun kuma ba alheri bane ga wanda ke kusa. Sannan harsashi ya fi sauti gudu, na PKM na fita da mita 800 da wani abu a daƙiƙa, sauti kuwa wajen 340, saboda haka in ka fara jin tas kamar bulala a saman kanka sannan daga baya ka ji dum daga nesa, wutar ta wajenka take bi, kuma yawan tazarar da ke tsakanin biyun shine nisan mai harbin. Da dare in ka ga walƙiyar bakin bindiga ka ƙirga, kowace daƙiƙa 3 kafin ƙarar ta iso kilomita ɗaya ce. Jajayen ko korayen wutar da kake gani suna tafiya a sama kuma, yawanci a tsakanin kowace ɗaya da ta biyu akwai harsashi huɗu da basa haske, kuma inda hasken ya mutu ba nan harsashin ya tsaya ba, na PKM na iya kaiwa kusan kilomita 4 kafin ya faɗi. Wannan ma shine dalilin da ya sa harbin sama na murnar biki yake kashe mutane a wata unguwa can da ba su san ana yi ba.

In ka ji ta kusa, ka faɗi ƙasa tukuna kafin ka yi tunani, rub da ciki, kai a ƙasa. Mashinga a kan ƙafafunta ƙasa ƙasa take sharewa, daidai gwiwa zuwa ƙugu, mai gudu a tsaye a fili shi ya fi shiga haɗari. Ka ja ciki zuwa rami, kwata, gaɓar kogi, bayan tudu ko dutse, duk abin da zai sa ƙasa mai kauri tsakaninka da inda wutar ke fitowa. A nan mutane ke kuskure sosai, suna haɗa abin da ke ɓoye mutum da abin da ke tare harsashi. Zana, kwano, ƙofar ƙarfe, karan dawa, jikin mota, duk ɓoyewa kawai suke yi. Bulon siminti mai rami a ciki ma harsashin PKM na fasa shi, balle in ana ta bugun wuri ɗaya. Tsohuwar katangar ƙasa mai kauri ta fi shi, ita ma ba'a dogara da ita gaban duz-set. In mota ce kaɗai a kusa, ka kwanta ta wajen inji da tayar gaba. A cikin gida a tara yara a ɗakin da ya fi yawan bango tsakaninsa da waje, a kwanta a ƙasa ba kan gado ba, a nisanci taga, a kashe fitila. Kuma shirun farko ba ƙarshen faɗa bane, wataƙila jigida ake sawa ko bututu ake canjawa, abin da baya wuce ƴan daƙiƙu, kar ka miƙe don ka ji ta yi shiru. Hawa katanga ko rufin ɗaki da waya don ɗaukar bidiyo kuwa, wallahi ban ga abin da ya kai shi ganganci ba, daga nesa mai saiti baya bambance waya da makami.

Bayan ƙura ta lafa, abin da ta bari a ƙasa ma yana magana. Tarin kwanso da yawa a wuri ɗaya alamar inda aka kafa ta ne. In dogaye ne masu leɓe a gindi PKM ce, kuma jigidarta ba ta wargajewa, zaka ga doguwar sarƙar ƙarfe ba harsashi a ciki. In kuma ka ga ƴan ƙananan ƙarafa baƙaƙe a warwatse tare da kwanson, na MAG ne ko Minimi ko Negev, su jigidarsu ɓallewa take ɗaya ɗaya. A gindin kowane kwanso akwai lambar masana'anta da shekara, da su masu bincike ke bin sawun inda makami ya fito. Amma kallo da ido kawai, kar ka ɗauka, kar ka bar yara su kwasa su kai wa masu gwangwan, domin a irin wurin nan ne ake samun harsashin da bai tashi ba da gurneti, wani lokaci ma da nakiyar da aka binne da gangan. Ban da haka, a same ka da jigida ko harsashin yaƙi a gida babban laifi ne, a Kamaru dokar makamai ta Disambar 2016 ta hana farar hula mallakar makaman yaƙi, kuma a yankin da ake zargin kowa, bayanin cewa tsinta ka yi ba lallai ya fitar da kai da wuri ba.

In zaka kai labari, ka kai wa bulama ko lawan ko shugaban komite, ko birgad ɗin jandarma mafi kusa, kuma ka faɗi abin da idonka ya gani ba ƙari: mutum nawa, babura ko motoci nawa, ƙarfe nawa, ina suka nufa, bindiga mai ƙafafu guda nawa, da jigida ko da shaja, akwai babba a kan mota ko babu. Kwamandan da aka ce masa mutum goma da kalash shirinsa daban, wanda aka ce masa a cikinsu akwai PKM biyu shirinsa daban, zai iya neman ƙarin mutane ko mota mai sulke kafin ya fita. Abin da ka gani na sojojin gwamnati kuma, inda suka kafa tasu da yawanta, wannan ba na sawa a Facebook ko guruf ɗin WhatsApp bane, don ba ka san waye ke karantawa ba.